Me Ya Haɗa Though, Through Da Tough?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina shirin jarrabawa. Akwai wasu kalmomin Turanci masu haruffa huɗu a jere, o-u-g-h, irin su though, through, thought, tough da thorough. Kullum sai sun rikita ni. Tunda haruffansu iri ɗaya ne, shin ma'anarsu tana da dangantaka? Kuma yaya ake furta su?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Yawancinsu ba su haɗa komai a ma'ana ba. Tarihi ne kawai ya tara su a rubutu ɗaya, kuma idan ka san tarihin, rabin wahalar ta kau.

A da can, "gh" ɗin nan ba ado ba ne, furta shi ake yi. Sauti ne na maƙogwaro, kusa da harafin "kha" na Larabci, irin wanda mutanen Sikotilan ke yi har yau idan za su ce loch, wato tafki. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, bai yar da shi ba: through a wurinsu durch ne, though kuma doch. A Ingila sautin ya yi ta zaizayewa tsakanin ƙarni na 15 da na 17. A wasu kalmomi ya ɓace ɗungurungum, a wasu ya rikiɗe ya koma "f". Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster da ke Landan a 1476, rubutu ya fara zama a wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Abin da kake gani a takarda yau furucin mutanen da suka rasu ɗaruruwan shekaru ne.

Saboda haka kar ka haddace su jibge guda, raba su gida-gida bisa sauti. Gidan da ya fi sauƙi shi ne na "f". Tough, mai tauri ko mai wuya, ana cewa "taf". Rough, mai kaushi, "raf". Enough, abin da ya isa, "inaf". Cough, wato tari, shi ma da "f" yake ƙarewa, sai dai wasalinsa "o" ne, "kof". Akwai kuma masu sautin "au" kamar na kalmar "sau": plough garma, bough reshen bishiya, drought fari na rashin ruwan sama. Amurkawa sun hutar da kansu a ta farkon, plow suke rubutawa.

Gidan da na fi so ka riƙe da kyau shi ne mai "t" a ƙarshe, ban da drought da muka gani, domin a nan ne kaɗai akwai ƙa'idar da za ta taimake ka a jarrabawa. Thought, bought, brought, fought da sought duk aikatau ne na abin da ya riga ya wuce: think, buy, bring, fight da seek, wato yin tunani, saye, kawowa, faɗa da nema. Dukkansu da dogon "o" ake furta su, "gh" ɗin shiru. Ka dai kiyayi taught da caught, na koyarwa da kamawa. Sautinsu ɗaya da waɗancan, amma da "a" ake rubuta su, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki a banza.

Sauran ukun da ka ambata su ne masu ciwon kai na gaske. Though na nufin "ko da yake", yana ƙarewa da sautin go, kamar dough, kwaɓaɓɓen gari. Through na nufin ratsawa ta cikin abu, a shiga ta nan a fita ta can, yana ƙarewa da dogon "u". Thorough kuwa gaɓa biyu ne, kuma ana faɗinsa ga aikin da aka yi tsaf, ba a bar ko kusurwa ɗaya ba. A nan hasashenka ya yi daidai, don through da thorough asalinsu kalma ɗaya ce. Binciken da aka kira thorough shi ne wanda ya ratsa abu daga farko har ƙarshe, kuma tsohuwar ma'anar tana nan a thoroughfare, titin da ya zarce bai toshe ba.

In za ka rubuta, duba gaban kalmar da bayanta, ka bar tsakiyar tunda ba ta canzawa. Idan "r" ya biyo bayan "th" kai tsaye, ratsawa ce. Idan "o" ya shiga tsakaninsu, aiki ne tsaf. In babu "r" sam, ko da yake ne, sai fa in "t" ya rufe ta, a nan ta koma tunani. Wannan jimlar ta haɗa huɗun, ka rubuta ta da hannunka kana furtawa da ƙarfi: Though he was thorough, he never thought it through. Ma'anarta, ko da yake mutum ne mai aiki tsaf, bai yi wa abin tunani har ƙarshe ba. Thru da za ka riƙa gani a allunan talla na Amurka gajartawa ce ta kasuwa, kar ka sa ta a takardar jarrabawa.