Netwok, Intanet da Yanar Gizo: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani ɗalibi daga Samaru ya aiko da tambaya: "Malam, mene ne netwok da Hausa? Wasu na cewa sadarwa, wasu kuma yanar gizo. Wanne ne daidai?"

Ɗana, a cikin biyun babu wadda ta sauka daidai a kan abin. Sadarwa tushenta ɗaya da sada da sadu: Allah ya sada mu da alheri, mun sadu a Ƙofar Doka, ya sadar da saƙo. Ke nan sadarwa aiki ce, isar da magana daga wannan zuwa wancan. Shi kuwa netwok shi ne abin da aikin ke gudana a kansa, wato na'urori biyu ko fiye da aka haɗa, ta waya ko ta iska, suna bin ƙa'ida ɗaya wajen musayar bayani. Shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a, mai kwamfuta huɗu da ke tura aiki ga firinta ɗaya, yana da netwok ko da bai sayi data ta ko kwabo ba. In Hausa zalla ake so a rubutu, "haɗakar na'urori" ta wadatar. A baki kuwa netwok ta riga ta zauna daram kamar mota da tebur, ban ga dalilin korar ta ba. Sai dai mun ƙuntata ma'anarta. Mutumin da ya ɗaga waya sama yana cewa "babu netwok" ko "sabis ya ɗauke", abin da ke tsakanin wayarsa da ƙarfen sabis kawai yake nufi.

Yanar gizo kuma wani abu ne dabam. Kalmar "yana" na nufin ɗan siririn abin da ke kwanciya a saman koko ko madara in sun huce, da ita muke cewa yanar ido, da ita kuma muke kiran saƙar gizo-gizo. Fassarar ta yi kyau ƙwarai, amma ba sunan intanet ba ce. Intanet ita ce haɗakar da ta haɗe dubban haɗakoki na duniya. Asalinta wata haɗaka ce ta Amurka mai suna ARPANET, wadda ta fara aiki a 1969 da cibiyoyi huɗu. Yanar gizo ita ce shafukan nan masu jona juna da muke buɗewa, Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Imel ma ya girme ta, domin tun 1971 ake aika shi tsakanin kwamfutoci. A hirar majalisa a gauraya su ba komai, amma mai rubuta littafin makaranta ya kamata ya raba.

Wata malama mai koyar da kwamfuta a sakandare a Tudun Wada ta ce: "Ina so in yi wa yara bayanin yadda saƙo ke tafiya a intanet da karin maganar nan, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ta dace?"

Malama, ta dace da rabin lamarin. Ma'anar karin maganar ita ce gara doguwar hanya mai aminci da gajeriya mai haɗari. To saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Hoton da kika tura ana daddatsa shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiran sa fakiti, kalmar da muka riga muka sani a fakitin sukari da na ashana. A jikin kowanne akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya raba buhunansa a motoci da yawa a Kwangila, ya sa wa kowane buhu lamba: wata mota ta riga wata isa, amma mai karɓa a Kano zai jera su bisa lamba, in na bakwai bai zo ba ya ce a sake turowa. Na'urar da ke kowace mararraba tana duba adireshi ta miƙa fakiti gaba, ita ake kira rauta. In wata hanya ta yanke, rautoci su karkata zuwa wata ko da ta fi nisa. Ƙa'idar da ke ƙirga fakitoci tana sake aiko da wanda ya ɓata ita ce TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana tsarinta a 1974, ARPANET ta koma amfani da ita a 1983. A nan karin maganarki ta zauna sosai.

Inda ba ta kai ba shi ne kiran murya da na bidiyo. Su galibi wata ƙa'ida suke bi mai suna UDP, wadda ba ta tsayawa jiran abin da ya ɓata, domin kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da amfani. Shi ya sa murya ke yayyankewa a kiran WhatsApp in netwok ya yi rauni, alhali rubutaccen saƙo sai dai ya makara, amma ya iso cikakke. Ki gaya wa yaran duka biyun.

Ta ƙarshe daga wani mai gyaran waya ce a Sabon Gari, yana son sanin bambancin suna da adireshi a wannan fanni, da ko "matambayi ba ya ɓata" na da wuri a ciki.

Tana da wuri kuwa, malam. Na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, a tsohon tsari lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. In ka rubuta abu.edu.ng, wayarka sai ta fara tambayar wani tsari da ake kira DNS, wanda aka ƙirƙiro a 1983, ya ba ta lambar da ke bayan sunan, sannan ta kama hanya. Wutsiyar nan ta ng alamar Najeriya ce. Idan kwastoma ya kawo maka waya tana nuna ta haɗu da Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗuwa, ka duba saitin DNS kafin ka kwance ta, wataƙila wanda take tambaya ne ya yi shiru.