Amsa: Kifin betta da ke yi wa gilashi fushi

Ɗan'uwa, ka ce kifinka betta, ɗan kifin ado da ake kiwo a tankin gilashi, yana wuni yana buɗe kunnuwa, yana baza fikafikai yana kai wa gilashi hari, kana tsoron ko ciwo ne. Ba ciwo ba ne, barazana ce. Namijin betta asalinsa daga ruwayen gonakin shinkafa na Thailand yake, kuma ba ya yarda wani namiji ya raɓi wurinsa. Da ya hango abokin gaba sai ya kumbura don ya tsorata shi.

Abin da nake zargi shi ne inuwarsa yake gani. Idan fitilar tankin tana haske, ɗakin kuma da duhu, gilashin yakan zame masa madubi. Minti ɗaya ko biyu na wannan ba komai, amma wuni guda wahala ce, domin kumburin yana cin ƙarfi, shi ya sa za ka ga yana yawan hawa sama yana shaƙar iska. Ka rage hasken tankin, ka kunna na ɗaki, ka manna takarda mara sheƙi a bayan gilashin, ka ƙara tsirrai inda zai ɓuya. Madubin wasan nan da wasu ke bari a jikin tanki, ni dai ban ga amfanin barinsa ba.

Sannan ka lura: idan launinsa ya dushe, fikafikan suka manne a jiki, ko ya ƙi abinci, damuwa ta yi yawa. A nan ka duba tsaftar ruwan da ɗuminsa, kada ya fita daga digiri 24 zuwa 28 na ma'aunin Celsius.