Kada ki yarda a rarraba yaran nan

'Yar'uwa da kika ce yayanki ya rasu ya bar yara huɗu, dangi sun ce kowa ya ɗauki ɗaya, kina tambaya ko ki amince: Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Wallahi ina karantawa hawaye suka zubo mini, don ni ma an yi mini haka.

Maigidana ya rasu ya bar ni da uku. Ko takaba ban fita ba ƙaninsa ya tara dangi, wai ba a bar wa mace yara. Aka ɗauke na tsakiyan, yana shekara 7. Bayan wata biyar na je dubo shi ban sanar ba. A bakin tasha na same shi da tiren ruwan leda a ka, ƙafa duk faso, makero ya cinye masa kai. Bai rugo ya rungume ni ba. Tsayawa ya yi yana ƙirga cinikinsa, ya ce, "Umma, in bai cika ba babu tuwon dare." 'Ya'yan gidan kuwa suna makaranta. Ashe ƙanin mijin nawa tuni ya sayar da adaidaita sahun marigayi, wai kuɗin ciyar da marayu ne. Ciyarwar ke nan! Har yau in mun haɗu wajen biki sai ya gaishe ni ko kunya babu. Na bar shi da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i: mai cin dukiyar maraya wuta yake zubawa a cikinsa.

Uwarsu tana raye? In tana raye ku bar mata 'ya'yanta, ku taimake ta a ɗakinta. A mazhabar Malikiyya ita ke da haƙƙin reno, in ta yi wani aure kakarsu ta wajen uwa ce ke biye. Wanda ya ce yana tausayinsu ya kawo kwanon masara duk wata, ko ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya.

Gado kuma ku je kotun shari'a a raba, a rubuta, da shaidu. A ba matar tumuninta, kason yara a san hannun wa yake. Kunya ce ta cuce ni, kada ta cuce ki.

Ni maƙwabta ne suka tsamo ni. Mai unguwa da liman suka je da kansu suka karɓo mini ɗana. Matan layinmu suka sa ni a adashe, suka ba ni ɗaukar farko na sayi injin markaɗe. Ki kai sunayen yaran yayanki wajen kwamitin marayu na masallacinku, amma kada ki dogara da shi kaɗai; mutane sai azumi suke tuna maraya, a ɗinka kayan sallah a watse, alhali kuɗin jarrabawar NECO ba ya jiran azumi. Ki karɓar musu takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya tun yanzu.

Don Allah kada ku bari a riƙa ɗaukar hotonsu da buhun shinkafa ana sawa a Facebook. Kuma a daina ce wa yaro "maraya" a gaban sa'o'insa, yana da suna.

Nawa yanzu ya shiga babbar sakandare, Alhamdu lillahi. Amma har gobe in ina gyara masa shimfiɗa nakan tarar da guntun burodi a ƙarƙashin matashinsa.