Rufi da wayoyin wuta tukuna

Ka ce kuɗin da kuka tara ba za su isa gyaran tsohon ɗakin wasan kwaikwayonku gaba ɗaya ba, ko ku fara da sababbin fitilu da lasifika? A'a, ku fara da rufi da wayoyin wuta.

Mun taɓa yin wannan kuskuren. Muka sa na'urar haɗa sauti sabuwa ful, ruwan farko da aka tafka rufi ya yi yoyo daidai kanta, shi ke nan ta mutu. Abin ya ƙona mana rai. Tsofaffin wayoyi kuwa sukan yi zafi in kaya suka yi musu yawa, ga labule da katakon dandamali kusa da su. Ku kira mai aikin wuta ya auna su kafin ku sayi ko ƙwan fitila ɗaya.