Daga Dam Ɗin Lamingo Zuwa Duwatsun Shere: Da Ƙafa Ko Da Keke?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kai da abokanka za ku taso daga Kano ku zo Jos, kuna so ku zaga bakin dam ɗin Lamingo ku hau duwatsun Shere, kana tambaya ko da keke ya fi ko da ƙafa, kuma wane wata ya dace. Toh ni a nan Jos aka haife ni kuma na daɗe ina bin hanyar nan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Gaskiya zuwan farko ku tafi da ƙafa, kuma ku tafi da ɗan wajen, wato mai rakiya ɗan yankin. Keke yana da daɗi amma iyakacinsa ƙasa ne, wato daga mahaɗar British America ka bi hanyar Lamingo zuwa bakin ruwa da hanyoyin burji da ke tsakanin gonaki. Da kun fara hawa sosai hanyar ta zama ta ƙafa, wani wajen tsakanin manyan duwatsu ake ratsawa, wani wajen sai ka dafa da hannu, toh a nan keken ya zama kaya, kai za ka saɓa shi a kafaɗa. Na sha ganin samari sun zo da kekuna masu tsada sun ƙare suna neman gidan da za su ajiye su. In dai dole sai kun hau keke to ku ware masa rana daban, ku duba birki gaba da baya tun a gida, ku riƙe famfo da kayan faci domin ƙaya da tsakuwa ba sa raga wa taya kuma ba za ku samu mai faci a can ciki ba, sannan hular kwano dan Allah, gangaren wajen ba wasa ba ne.

Abin da mutanen ƙasa-ƙasa ba sa lissafawa shi ne tudu. Garin Jos kansa ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, ƙololuwar Shere kuma wajen mita 1,829 ce. Ba wai za ka faɗi ba ne, a'a, amma za ka ji numfashinka yana sama-sama da wuri fiye da yadda ka saba ko da kana buga ƙwallo kullum. Saboda haka kar ku sauka daga mota yau ku ce yau za ku hau, ku kwana tukuna, gari na wayewa bayan asuba ku karya da abu mai riƙe ciki, masa ko kunun gyaɗa da ƙosai, ku ɗauki Napep daga Terminus da ke tsakiyar gari. Kowa ya riƙe ruwansa da kansa, kar a ce mutum ɗaya zai ɗauko na kowa.

Maganar wata kuma, ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke ko yana ɗaukewa, ciyawa ba ta bushe ba, dam ya cika, sama a washe, in ka juyo daga can sama sai ka ga ruwan a kwance tsakanin duwatsu ga garin Jos gaba ɗaya a shimfiɗe, wallahi ko ni da nake gani tun ina yaro har yanzu sai na tsaya na yi tasbihi. Disamba da Janairu ma ana zuwa amma hazo yakan rufe komai ka sha wahalar hawa ka rasa abin gani, ga sanyin Jos da kuke jin labari, da asuba sai da rigar sanyi mai kauri da hula. Yuli da Agusta kam ban ba ku shawara ba. Dutsen nan in ya jiƙe ya yi gansakuka santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma hadari a nan ba ya sallama, wani lokacin har da ƙanƙara, ga tsawa, kuma saman dutse ba wajen tsayuwa ba ne in ana walƙiya.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, ruwan nan ba na wanka ba ne. Lamingo da Liberty dam ne na ruwan shan gari, kallo ake yi a wuce. Sauran tafkunan da za ku riƙa gani nan da can a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi kuwa yawancinsu ba Allah ne ya yi su haka ba, ramukan haƙar kuza ne da aka bari ruwa ya cika su, har tafkin Rayfield da ake zuwa shaƙatawa asalinsa ke nan. Bakinsu ba ya gangarawa a hankali irin na kogi, taku ɗaya biyu sai zurfi, ƙasan laka ce, ruwan ga sanyi, kuma sun ci mutane da dabbobi ba kaɗan ba, har waɗanda suka iya iyo. Duk wanda ya ce maka ai shi ɗan ruwa ne a cikinku ka riƙe masa riga.

Kuma tunda ka ce kana son wajen da ke da tarihi, toh tarihin ke nan a gabanka. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka shigo haƙar kuza, saboda ita aka ja siririn layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Kakanninmu da yawa kuza ce ta kawo su, daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno, wasu da ƙafarsu suka zo neman kuɗi, wasu kuwa lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, kamo su aka yi aikin dole, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a barikin ma'aikata. Ni in na tsaya bakin irin ramukan nan ina tuna su ina yi musu addu'a. In kun sauko ku leƙa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, za ku ga gumakan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok, su ma ai a wajen haƙar kuza aka fara tono su.

Shi ya sa na dage a kan ɗan wajen. Duwatsun nan ba daji ba ne da babu mai shi, ƙasar Afizere ce, waɗanda muka fi sani da Jarawa, akwai ƙauyukansu da gonakinsu na acca da masara da kayan lambu, akwai kuma wuraren da suke girmamawa ba sa so baƙo ya shiga kai tsaye. Wanda ya san wajen shi zai gaisa da mutane da yarensu, ya ce muku nan a bi nan kar a bi, ya kuma san halin da ake ciki a satin, domin ba sai na ɓoye maka ba Filato takan yi zafi wani lokaci kuma labarin da za ka ji daga nesa ba ɗaya ba ne da na wanda ya kwana a wajen. Akwai makarantar horar da matasa ta gwamnatin tarayya a gindin Shere, wadda kowa ke kira Man O' War, malamansu hawan dutsen nan shi ne aikinsu, ku fara ta can ku tambaya. Ku yi ciniki da mai rakiya tun kafin a tashi kuma ku biya shi da mutunci. Ku gaida duk wanda kuka tarar a gona, kar a tsinki abin kowa, kar a ɗauki hoton mata masu ɗauko itace ba a tambaye su ba. Shingen ƙerana da za ku gani kewaye da gonaki kar wanda ya karya, farin ruwanta in ya shiga ido bala'i ne.

Takalmi kambas mai ƙasa mai kama dutse, ban da silifas. Kar a zura hannu a kogon dutse saboda maciji. Sabis yana ɗaukewa a wasu kwaruruka, don haka ku gaya wa wani a gari inda kuka nufa da lokacin da za ku dawo, ku kuma fara saukowa da azahar yadda la'asar za ta same ku a ƙasa, saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ledar ruwa da robar lemo kowa ya mayar jakarsa, abin yana ci min rai ƙwarai yadda bakin dam ɗin ke cika da shara bayan sallah da kirsimeti, alhali ruwan da za mu sha ne.

In akwai mai son tsuntsaye a cikinku, dajin Amurum na nan kusa da ƙauyen Laminga, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos a ciki, amma sai an nemi izini kafin a shiga. Ka faɗa min ku nawa ne da satin da kuka tsayar, in ina gari insha Allahu ni da kaina zan raka ku har wajen masu rakiyar.