Shuɗin fasfo da koren fasfo: amsar Kawu daga Ingila

Ɗana, saƙonka na murya ya iso ni ranar Lahadi bayan la'asar, sau biyu na saurare shi. Ka ce a majalisarku ta ƙofar gida ana ta faɗin cewa tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ta koma shuɗin fasfonta na da, ta juya wa maƙwabtanta baya ta fuskanci ƙasashe renon Ingila, saboda haka ƙofa a buɗe take ga ɗan Najeriya: shekara ɗaya ta digiri na biyu, sai aiki, sai shuɗin fasfo, daga nan Turai ta zama tsakar gidanka. A ƙarshen saƙon kuma ka sassauta murya ka tambaye ni ko ni da nake riƙe da shi har yanzu ina jin kaina Bakatsine. Na ga ya fi in amsa maka a rubuce, inda abokanka ma za su karanta, domin na san ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba.

Bari in fara da wani dattijo maƙwabcina a nan garin Gateshead, a arewa maso gabashin Ingila. Mutumin Sunderland ne, ya yi ƙuruciyarsa yana walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke bakin kogin Wear. Wata rana cikin hunturun 2017, lokacin da gwamnati ta sanar za a dawo da shuɗin fasfo, na shiga duba shi saboda ƙafarsa na ciwo. Sai ya sa na ɗauko masa wani gwangwanin biskit daga saman kabad. A ciki, ƙarƙashin hotunan marigayiya matarsa, akwai tsohon fasfonsa. Ya fi na yanzu girma, bangonsa mai tauri ne kamar na littafin rajista, shuɗin ya yi duhu har ka ce baƙi ne. An huda 'yan tagogi biyu a jikin bangon, ta ɗaya ana ganin sunansa da aka rubuta da alƙalami, ta ɗayar kuma lamba. An datse kusurwarsa da almakashi, alamar ya daina aiki. Ya riƙe shi da hannu biyu kamar yadda kakarka take riƙe tasbahar da ta zo da ita daga Makka.

Ya ce mini a shekarar 1988 aka fara ba da fasfo mai launin zoɓo irin na sauran ƙasashen Turai, a ƙarshen shekarar nan kuma aka rufe ma'aikatun jiragen ruwa na ƙarshe a garinsu. A lissafi babu abin da ya haɗa biyun. A zuciyarsa kuwa abu ɗaya ne: shekarar da aka karɓe masa sana'a ita ce shekarar da aka sauya masa bangon takardar da ke cewa shi wane ne. Ban yi masa musu ba, kuma har yau ba na raina hawayen da na gani a idonsa. A ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016, kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a fita, a Sunderland kuwa kashi 61 ne. Da yawansu irinsa ne, mutanen da suke jin an manta da su.

To amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Tarayyar Turai ba ta taɓa tilasta wa kowa launin zoɓo ba. Shawara ce aka amince da ita a 1981, ba doka ba, kuma Kuroshiya da ta shiga ƙungiyar a 2013 ta ci gaba da shuɗinta babu wanda ya ce mata kanzil. Da aka zo buga sabon fasfon kuma, kamfanin De La Rue da ke bugawa a nan garinmu ya rasa kwangilar a 2018, aka ba Gemalto na Faransa da Holan, wanda daga baya kamfanin Thales ya saye. A Folan ake haɗa littafin, sannan a kawo nan a sa suna da hoto. Mutanen unguwarmu da ke aiki a waccan ma'aikata sun ji a jikinsu. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, a watan Maris aka fara raba shuɗin.

Ni na zo ƙasar nan a 2006. Shekara ɗaya karatu, shekara 2 kan takardar neman aiki bayan kammalawa, shekara 5 ina ɗaure da mai aikin da ya tsaya mini, sannan takardar zaman dindindin, sannan jira na wata 12, da jarrabawar sanin ƙasa, da rantsuwa a zauren ƙaramar hukuma. A farkon 2016 na karɓi fasfona na farko, mai launin zoɓo, an rubuta sunan Tarayyar Turai a samansa. Shekara 10 ke nan da zuwana kafin na same shi, kuma a wancan zamani hanya ta fi ta yau sauƙi. Da wannan fasfo, in na ga dama, sai in hau jirgin ruwan dare daga bakin kogin Tyne in wayi gari a Holan, in kama haya, in nemi aiki, babu mai tambayata takarda. Haka a Jamus, haka a Faransa, ƙasa 27 ban da wannan. Da na sabunta a 2025 aka aiko mini da shuɗi. Ya fi kyau a ido, ba na musu. Sai dai yanzu kwana 90 kawai nake da su cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ba ni da izinin aiki, ina bin layin baƙi a filin jirgi, kuma tun Oktoban 2025 suka fara ɗaukar zanen yatsunmu da hoton fuska a iyaka. Na san 'yan ƙasar nan haifaffu da suka tono takardar haihuwar kakanninsu don neman fasfon Ayalan, wadda har yanzu take cikin Tarayyar, mai launin zoɓo, saboda su dawo da abin da shuɗin ya raba su da shi.

Kai kuma da za ka zo da koren fasfo, ka sani bizar Birtaniya ba ta taɓa shigar da mutum Faransa ko Jamus ba, ko a lokacin da take cikin ƙungiyar, domin ba ta taɓa shiga Shengen ba. Duk wanda ya ce maka daga Landan za ka tsallaka Turai da bizar ɗalibi, bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma kuɗinka yake so.

Maganar buɗe ƙofa ga 'yan Najeriya tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta yi tasiri. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a an yi ta lallashin 'yan Afirka da 'yan Asiya cewa in aka fita za a daina fifita Bature ɗan Folan a kan ɗan Legas ko ɗan Lahore. Kuma ka san wani abu? Ɗan Najeriya mazaunin ƙasar nan yana da ƙuri'a a wancan zaɓe albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali Bafaranshen da ya shekara 20 a nan ba shi da ita. A masallacinmu an yi muhawara mai zafi bayan sallar Juma'a. Ni na zaɓi a zauna, wasu abokaina da nake ganin girmansu suka zaɓi a fita. Daga Janairun 2021 aka kawo tsarin ba da biza bisa maki da ya daidaita kowa, a Yulin shekarar kuma aka dawo da bizar shekara 2 ta neman aiki bayan karatu. Sai 'yan uwanmu suka yi ta kwararowa, miji da mata da yara, ɗaya na karatu ɗaya na aiki. Labarin waɗannan shekaru ne yake yawo a majalisarku har yanzu.

Wannan kasuwa ta watse. Da yawan baƙi ya haura abin da aka yi wa masu ƙuri'a alkawari, sai gwamnati ta shiga ja da baya. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na shiga aji ba ya zuwa da iyalinsa, sai mai bincike irin na digirin digirgir. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi kawo nasu iyalan, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Bizar shekara 2 ɗin nan za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Tun a Mayun 2025 kuma gwamnati ta bayyana niyyarta ta mai da jiran zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10 ga mafi yawan mutane. Ka ga muradin da ya dawo da shuɗin bango shi ne dai yake matse ƙofar, domin wanda ya ce a maido masa da ƙasarsa ba Turawan gabas kaɗai yake nufi ba.

Ga lissafin da nake so ka zauna da mahaifinka ku yi da biro da takarda. Kuɗin biza ya haura fam 500. Kuɗin asibiti fam 776 ne a kowace shekara, kuma tun kafin ka taso za ka biya. Sai ka nuna kuɗin makarantar da ya rage, da kuɗin ci da kwana sama da fam 1,100 a wata har na wata 9 in ba a Landan za ka zauna ba, kuma su kwana 28 a asusu ba tare da sun ragu ba. Akwai gwajin tarin fuka. Aiki sa'a 20 ne a mako lokacin karatu, ba zai biya maka kuɗin makaranta ba ko da ba ka barci. Abin da ya fi karya mutane shi ne canji. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, a 2024 ya kai kusan 2,000. Na zauna da wani yaro mai hankali a ɗakina, an toshe masa shiga shafin karatunsa saboda kason kuɗi na biyu, mahaifinsa ya riga ya sayar da gona a kan tsohon lissafi. Muka yi karo-karo a masallaci, bai isa ba, ya koma gida babu takardar shaida. Ba na so in ga ɗan ƙanwata a wannan kujera. In kuɗin shekarar bai cika a hannu ba, ka jinkirta, ka nemi tallafin karatu na Chevening ko na Commonwealth, ka tara shekarun aiki da suke nema.

Ka kawo zancen dangin kakarka na Maraɗi, da sabon fasfon da ake cewa za su riƙa ɗauka. Abin ya taɓa ni, domin na ga irinsa a nan. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES a Satumban 2023, suka bar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a ranar ce aka sanar da fara aiki da fasfo mai tambarin ƙawancen. An ce tsofaffin suna nan daram har wa'adinsu ya cika, ECOWAS ma ta ce a ci gaba da barin mutane suna shige da fice har sai an sake sanarwa. Na ji alfaharin da ke muryar ɗan kawuna na can da muka yi waya, irin na dattijon maƙwabcina ne sak, kuma yana da dalilansa da na fahimta. Tambayar da na yi masa ita ce mai kai tumatir da albasa ta Jibiya da Magama, da mai zuwa asibiti Katsina daga Ɗan Isa, me za su tarar a boda nan da shekara 5? Mun ga yadda aka sha wuya da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Mutanen Ingila teku ce ta raba su da Faransa, harshe ma daban. Mu kuwa Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne, ana kiran salla a nan ana ji a can. Fatana shugabannin ɓangarorin biyu su bar wa talaka hanyarsa, kowane tambari aka buga a bango.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Tsarin mulkin 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu, don haka koren fasfona yana nan, ina sabunta shi a kan kari, ko da kuwa sai na yi tafiyar sa'a 3 a jirgin ƙasa zuwa Landan. Guda biyun a jaka ɗaya suke kwana, cikin 'yar jakar fata da mahaifiyarka ta saya mini a kasuwar Kurmi. In zan fita ƙasar nan shuɗin nake miƙawa, ina kuma gode wa Allah da shi, domin a nan aka haifi 'ya'yana, a nan nake biyan haraji, a nan na raka dattijon nan makwancinsa a hunturun da ya wuce. Ya karɓi shuɗin fasfonsa kafin ya rasu, bai samu lafiyar tafiya da shi ko'ina ba, 'yarsa ta sa shi a gwangwanin nan tare da tsohon. In na sauka Kano kuwa koren nake fitarwa. Zuwana na ƙarshe jami'in ya buɗe, ya duba wurin haihuwa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa, ya hanya?" Ƙanwarka da aka haifa a Newcastle tana tsaye a gefena da nata koren, ita ta riga ni amsawa da Hausarta mai tsami, "Lafiya lau."

Ka duba ranar ƙarewar fasfonka tun yau, in bai kai shekara 2 ba ka sabunta kafin ka nemi gurbi. Ka turo mini sakamakonka na jami'a da sunayen kwasa-kwasan da kake so, mu duba tare ranar Asabar bayan isha'i, agogonku. Kada ka ba kowane dillali ko sisi kafin mu yi magana. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar yana hannun mai tahowa ƙarshen wata. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Kawunka.