Amsa ga 'yar'uwar da ke son haɗa gyaran ciki da BBL a rana ɗaya

Ƙanwata, wallahi tambayarki ta taɓa ni. Kin ce haihuwa uku, biyu da aiki, fatar ciki ta zubo har ta rufe ɗinkin, kuma wata mai haɗa mutane da asibitin ƙasar waje ta yi miki alkawarin za a yanke fatar, a zuƙe kitsen baya, a mayar da shi mazaunai (aikin da ake kira BBL kenan), duk a shiga ɗaya, ki dawo gida cikin mako guda. Ni ma na zauna da irin cikin nan shekara da shekaru. Na san ƙaiƙayin da ke tasowa a ƙarƙashin fatar in an yi gumi, na san yadda zuciya ke karyewa in aka tambaye ki "wata nawa?" alhali ba ki ɗauke da komai. Don haka ba zan ce miki ki haƙura ba. Amma haɗa ukun nan a rana ɗaya, don Allah kar ki yarda.

Ni biyu kawai aka haɗa min, gyaran ciki da zuƙe kitse, ta hannun irin matar nan. Kafin in biya, ko tsakar dare na yi mata magana sai ta amsa, Hajiyata kaza, Hajiyata kaza. Likitan kuwa ban sa shi a ido ba sai safiyar aikin, ya zo da alƙalami ya zazzana min jiki a tsaye, ya wuce. Bayan aiki akwai robobi biyu da ake sakawa suna tsiyayar da ruwa da jini daga ƙarƙashin fata. Nawa ba su daina zuba ba aka zare su, saboda ranar jirgina ta yi kuma akwai wadda ke jiran ɗakin. Ina isowa gida cikin ya fara kumbura. In na juya a kan gado sai in ji ruwa yana kai-komo a ƙasan cibiyata kamar an ƙulla shi a leda. Siroma likitoci ke ce masa, shi ne matsalar da ta fi yawa bayan wannan aikin, amma babu wanda ya taɓa faɗa min sunansa ma. Sai zazzaɓi. Sai wata safiya na ɗaga rigar matsin da ake sawa bayan aikin, na tarar tsakiyar ɗinkin, daidai inda fatar ta fi ja, ya yi baƙi ya buɗe, audugar ta jiƙe, ga wari. Na zauna a bakin gado hannuna na rawa, na ɗauki hoto na tura mata. Amsarta: "Ba komai ba ne, kowa haka yake yi, ki yawaita shan ruwa." Na sake turawa, ta karanta ta yi shiru. Da na matsa a ba ni lambar likitan, sai ta toshe ni. Ta toshe ni, ƙanwata, cikina a buɗe! Ko takardar da ke bayanin abin da aka yi min ba su ba ni ba, shi ya sa likitocin da na fara zuwa wurinsu suka yi ta ɗari-ɗari da ni. Allah ya saka wa wanda ya karɓe ni da alheri. Da sirinji ya riƙa zuƙe ruwan, ya yanke mataccen naman, aka yi watanni ana wanke ciwo. Ita kuwa har yau tana nan tana ɗora hotuna a Instagram. Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Hotunan nan ma, ki lura, yawanci a kan gadon tiyata ake ɗaukarsu, mutum a kwance, kafin kumburi ya taso. Ki ce a nuna miki na wadda ta shekara, tana tsaye, tabon a fili. Daga ƙugu zuwa ƙugu yake, kuma fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu. In ɗinkin haihuwarki ko hujin kunnenki ya taɓa tasowa, ki faɗa tun wuri.

BBL ɗin shi ya fi tsorata ni. Idan bakin ƙarfen da ake zuba kitsen da shi ya wuce fata ya shiga tsoka, kitse na iya faɗawa manyan jijiyoyin jini na mazaunai ya tafi huhu, mutum ya cika tun yana kan gado. A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki a Amurka ya ƙiyasta mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000, daga nan aka ce a ƙarƙashin fata kawai za a zuba kitsen. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta ce wa mambobinta su dakatar da shi a 2018, sai 2022 ta sassauta bisa sharaɗin a yi shi ana kallo da na'urar sikanin. A shekarar ce jihar Florida ta taƙaita wa kowane likita BBL uku a rana na wani lokaci. Ki tambayi dillaliyarki mutum nawa likitanta yake yi a yini, ki ji me za ta ce.

Sannan ki yi tunanin kwanciya. Wadda aka gyara wa ciki a rigingine take kwana, an tara filo a ƙarƙashin gwiwa, tafiya ma a duƙe. Wadda aka yi wa BBL an hana ta zama da kwanciya a kan mazaunai na makonni don kada kitsen ya mutu. To ke ta ina za ki kwanta? Ta yaya za ki zauna awanni a kujerar jirgi? Hukumar lafiyar Birtaniya kwana 7 zuwa 10 ta ce a jira bayan gyaran ciki kafin a hau jirgi, don gudan jini na iya daskarewa a ƙafa ya hau huhu, kuma haɗarin ƙaruwa yake yi in an haɗa ayyuka aka daɗe a ɗakin tiyata. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi sama-sama, asibiti nan take, ba jiran amsar WhatsApp ba.

Ba ki faɗa ko kin gama haihuwa ba. In da saura ki jira, sabon ciki zai iya sake raba tsokar da aka ɗinke. Ƙwayar tsarin iyali mai isturojin ana dakatar da ita kamar mako 4 kafin babban aiki, shisha da taba ma haka, don nikotin yana hana jini isa gefen ɗinki. In kina allurar rage ƙiba irin Ozempic, ki faɗa wa likitan sa barci, tana sa abinci ya daɗe a ciki. Ki auna jininki. Mu da muka sha haihuwa da yawanmu jinin bai cika ba. Kuma kitsen da ya haura lita 5 ba a zuƙe shi a sallami mutum ranar.

Wa zai kula da ke ma? Ni ko tashi daga gado sai an kama ni, ƙaramin ɗana yana miƙo hannu in ɗauke shi ba hali, yana kuka ina kuka. Ki samu likitan da za ki zauna da shi ido da ido kafin ki biya ko sisi, wanda za ki iya komawa wurinsa in ɗinki ya yi ja. Ki fara da cikin shi kaɗai. In kin samu takardar da suka turo miki, ki sa min ita ta akwatin saƙo mu duba tare.